Ki Bar Nuhu Ya Riƙe Buroshinsa

Zuwa ga ɗiyata Balaraba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ku kun sauka Sabuwa lafiya, ke da maigidanki da abokina Nuhu. Allah ya sa kun shiga sabon gida da ƙafar dama, ya haɗa ku da maƙwabtan kirki, ya tsare ku daga sharrin hanya da na baƙunta. Mu nan Faskari lafiya lau muke, sai kewarku.

Ba labarin gari zan ba ki ba, don a kwana huɗun da kuka yi da tashi ba abin da ya faru da ya isa a ɓata masa takarda. Wata magana ce na kasa faɗa miki ranar tafiyarku. Da na zo yi muku sallama da safe, ana ɗora kaya a mota, na leƙa tsakar gida na gan ki kin matse kan Nuhu tsakanin gwiwoyinki. Hannu ɗaya ya riƙe haɓarsa, ɗaya yana dirza masa haƙora da buroshi, sauri-sauri, kina waige-waige kada wani ya gan ki. Shi kuwa ya saki hannuwansa biyu suna reto, ya runtse ido yana jira a gama. Yaro ɗan shekara bakwai. Na san wannan zama sarai, don an yi irinsa a gidana tun ba ki yi wayo ba.

Abu ɗaya nake tsoro, kada yaron nan ya girma wankin bakinsa yana hannun wani. Allah ya yi shi da nauyin fahimta kamar yadda ya yi yayanki, wannan ba mu da ta cewa. Amma abin da zai iya yi wa kansa, in kika ci gaba da yi masa, ranar da ba kya kusa haka zai zauna. Na yi shekara talatin da ɗoriya ina koya wa 'ya'yan mutane karatu da lissafi, amma koya wa ɗana guda goge haƙori sai da ya kai ni ƙasa. Bari in nuna miki wuraren da na yi tuntuɓe, ko kya kauce musu.

Kin san yayanki ɗan fari ne, don haka da aka yaye shi sai aka kai shi Tafoki wurin kakarku Iya, can ya zauna har ya shekara tara. Bai fara haɗa magana ba sai da ya wuce biyar. Mutanen gari kowa da abin da yake kiransa, wasu su ce dolo, masu tausayi su ce bawan Allah. Iya kuwa maigidana take ce masa, kuma wanda duk ya kira shi da wani suna a gabanta sai ya yi da-na-sanin zuwa gaishe ta. Ita ta koya masa asuwaki. Kowace safiya sai su zauna gindin randa, ta karyo reshen marke ta ba shi ɗaya ta riƙe ɗaya, ita da haƙoran da suka rage mata ba su fi a ƙirga da yatsun hannu guda ba. Ya tauna bakin icen har ya yi laushi, ya ɗan goga na gaba, ya tofar. Bai iya kaiwa na ciki ba, amma ya kama hanya. Shekara biyu ta yi tana wannan zama da shi, ni ban ma sani ba sai daga baya.

Iya ta rasu, aka dawo mana da shi, daidai lokacin da kuɗin man fetur suka fara yawo a ƙasa. Ke kina ƙarama, ba za ki tuna yadda garin nan ya rikice ba. An yi mana ƙarin albashi, malamai muka sayi babura, kowa ya rataya rediyo a kafaɗa, masu rufin ciyawa suka koma kwano. Bakin titin Sheme ya cika da masu tebur, ga burodi, ga madarar gwangwani, ga lemon kwalba, manyan motoci suna tsayawa ana ta hada-hada. Ranar Juma'a in na wanke babur ɗina na karkata hula na nufi Sheme, ji nake duk ƙasar nan ba wanda ya kai ni. Innarku tana da ƙuruciyarta, ke kina bin ta kina riƙe da gefen zane, gidan a cike. Ina kewar kwanakin nan, ba zan ɓoye miki ba, ko da yake a cikinsu na tafka wautar da zan ba ki labari.

A wani tebur na Sheme na ga buroshin goge baki kala-kala da man da ake matsa musu, wanda kowa ke kira makilin. Na kwaso huɗu na dawo gida ina hura hanci, na tara ku na ce daga yau an daina cin ice a gidan malamin makaranta. Washegari na iske yayanki gindin randa da markensa a baki. Na fizge na wurga bayan katanga, na damƙa masa shuɗin buroshi da makilin a kai. Ya juya shi, ya kalle ni, sai ya yi abin da Iya ta koya masa. Ya sa a baki ya hau tauna, har gashin buroshin ya kwanta. Ya ji makilin da zaƙi ya haɗiye, ya miƙo a ƙara masa. Kwana biyu da haka aka same shi bayan rumbu ya tsotse makilin ɗin tas. A mako guda ya cinye buroshi uku, a na ukun na ɗauke shi da mari.

Innarku ba mai ɗaga mini murya ba ce, amma ranar ta ajiye tsintsiya ta ce, “Malam, mi ya yi maka? Abin da tsohuwa ta koya mashi shi ya yi. An ce shi tauna, ya tauna. Kai ne ka canza mashi ice ba ka hwaɗa mashi ba.”

Na ce ta yi mini shiru, amma na san ta fi ni gaskiya. Daga ranar, yana ganin buroshi sai ya datse baki ya gudu bayan rumbu, asuwakin ma ya daina. Aikin shekara biyu na Iya na rushe shi da safiya ɗaya. Shekara guda cur muka yi muna yi masa abin da na ga kina yi wa Nuhu, ni in danne, Innarku ta dirza, shi yana kuka.

Don haka ki sani, yaro irin wannan da ƙyar yake kama abu, in kuwa ya kama to ya kama ke nan, kuma yadda aka ba shi haka zai riƙe. Kada ki canza masa kaya don kin ga sabo a kanti. Buroshin da ya sani, kofin da ya sani, lokacin da ya saba, ki bar masa su. Sabon gida ma ya ishe shi baƙunta. Ki zaɓi wuri ɗaya a tsakar gidanku ya zama nan ne wurin, yau da gobe da jibi. Hannunki kuma ki riƙe shi komai ɓacin rai. Mari ɗaya na yi, shekara guda na biya.

Da tsoro ya ɗan sake shi, sai na ce bari in gwada irin ta makaranta. In tsayar da shi gabana kamar ɗan aji uku, in yi ta bayani, sama da ƙasa, hagu da dama, ciki da waje, har da labarin ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani. Shi kuwa bakina yake kallo yana motsi, yana dariya. Ga shi ina fuskantar sa, in na kai hannu dama shi ya kai hagu, in na gyara masa ya rikice gaba ɗaya. In yi tsaki in hau babur in tafi aiki. Na yi haka har na gaji, ban taɓa tambayar kaina ko laifin mai koyarwa ne ba.

Wata rana Innarku tana saƙar faifai, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, “Malam, ba ni shi wata ukku. Kai kuma ka kama bakinka.”

Kin tuna yadda take koya wa 'yan matan unguwa faifai, ke ma ai haka ta koya miki. Ba ta fara ba wa yarinya tsakiyar faifan, don nan ne mai wuya. Ita za ta saƙa duka, ta bar zagaye na ƙarshe ta ce ƙarasa. Yarinya ta ƙarasa, ta ɗaga faifai tana nuna wa kowa wai ita ta yi. A na gaba sai ta bar mata zagaye biyu, haka har su kai tsakiya. To haka ta yi da yayanki. Da sassafe kafin masu shigowa su fara shigowa, sai ta zaunar da shi gindin randa, ita ta zauna bayansa, suna kallon wuri ɗaya. Ta goge masa duka, ta bar masa kurkurewa da tofarwa kawai. Ko wannan sai da aka sha fama, don haɗiyewa yake yi. Sai ta samo tsohon gwangwanin madara ta ajiye gabansa, ta mai da abin wasa, wa zai tofa a ciki. Ke kika fi kowa zaƙewa a gasar nan, kina ɗauke da tumbi, ki cika baki da ruwa ki fesa har kan kaji. Har yau in na tuna sai na yi dariya ni kaɗai.

Da ya iya tofarwa, sai ta bar masa haƙoran gaba, hannunta a kan nasa. Bayan makonni hannun ya koma wuyan hannu, daga nan gwiwar hannu, daga baya kafaɗa kawai take taɓawa. Sannan aka shiga gefe ɗaya, sannan ɗayan, sannan na can ciki. Makilin kuwa ba ya wuce ƙwayar dawa, ko ya haɗiye ba komai. Maganarta duka ba ta fi kalma huɗu ba: gaba, nan, can, tofar. Kullum su ne, kullum a jere ɗaya. Ranar da ya tashi da rigima ba ta ja da shi, sai ta koma inda suka tsaya jiya. Wata ukun nata sai da ya haura shekara, amma in na tsokane ta sai ta ce ita watan manoma take ƙirgawa, ba na 'yan albashi ba.

Ki ɗauki wannan yadda yake, ba ni da abin ƙarawa a kai. Ki zauna bayansa, ki rage magana, ki fara ba shi ƙarshen aiki don ya tashi yana jin shi ya gama. Kada ki ƙirga kwanaki, ranki ne zai ɓaci a banza. Gaggawa aikin shaiɗan ce, ni shaida ne.

Yanzu ga wadda nake jin nauyin rubutawa. Ranar da yayanki ya fara goge bakinsa tun daga gaba har ciki ba a taɓa shi ba, Innarku ta ce ya je ya nuna wa Baba. Ina zaure da abokaina malamai muna sauraren rediyo. Ya shigo da gudu, ruwa yana zuba a haɓarsa, ya tsaya gabana ya wage baki ya ce, “Baba, gani!” Balaraba, zuciyata kamar ta fashe don murna. Amma ɗan fari ne, ga mutane zaune. Na kawar da kai, na ce wa na kusa da ni ya ce masa ya koma ciki. Ya ɗan tsaya bakin a buɗe, yana jira, sannan ya rufe ya fita. Abokaina ba wanda ya ga laifina, haka aka san dattijo yana yi.

Da yamma na sayo minti na ba ki na ce ki kai masa. Daga nan abin ya zama jiki. Duk lokacin da raina ya so ya ce masa madalla, sai in aika masa da minti ko alewa, aljihuna ba ya rabuwa da su. Shi kuma ya dunƙule su a kumatu ya wuni da su, wani lokaci ya kwana da su. Innarku tana gini da safe, ni ina rushewa da yamma. Shekara biyu ba ta cika ba kumatunsa ya kumbura, ya kasa cin tuwo, ga shi bai iya faɗin inda ke masa ciwo ba, sai dai ya riƙa buga kai da hannu. Na ɗora shi a babur ranar kasuwar Ƙanƙara muka je wurin wani wanzami da ya yi suna wajen cire haƙori. Ni na riƙe shi. Haƙori biyu aka cire masa na can ciki, ya damƙe rigata yana kiran Baba, Baba, kamar ba Baban ne ya kawo shi ba.

Wanzamin yana wanke kayansa ya ce, “Malam, wanga yaro wa ke ba shi zaƙi haka? Ko wane ne, ba masoyinshi ba ne.”

Na biya shi kuɗinsa. Muka kamo hanyar Faskari, yayanki ya kwantar da kai a bayana, jini ya ɓata mini riga, ina tuƙi ina share ido da kafaɗa.

Ba cewa nake ki zubar da kunya ba, da ita aka haife mu, ni har yau bakina bai iya kiran sunan yayanki ba. Nuhu ma ɗan farinki ne, kuma na ga waige-waigen da kike yi ranar nan. In ba ki iya kiran sunansa, bari. Amma in ya yi daidai ki dube shi ido cikin ido ki ce madalla, ki tafa masa, ko wa ke tsaye. Sauran yara in sun girma suna gane cewa kara ce ake yi musu. Irin su Nuhu ba su san kara ba, fuskar da aka kawar kawai suka sani. Ga shi Allah ya kai ki garin da ba surukai ba dangi, ba mai sa miki ido. Zaƙi kuma ki rage masa, ki faɗa wa ubansa ni na ce.

Saura ɗaya, ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Wannan ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Kafin yayanki ya kai sha huɗu ya iya komai. Abu guda ya rage. Tun lokacin da ya tsotse makilin muke ajiye kayan a saman tagar ɗakin Innarku, don haka ita ke ɗaukowa kowace safiya, ta matsa masa, ta kira shi ta sa masa a hannu. Ya girma, ya fi tagar tsawo, gemu ya fito, ana nan a haka. Sau ɗaya na ce mata, yaron nan fa ya isa ya ɗauka da kansa. Sai ta ce, “Malam, bar mani wannan. Shi kaɗai ya rage mani da shi.” Na gane abin da take nufi. Ita ma kunya ta hana ta zama da shi a gaban mutane, wannan ɗan lokaci na safe shi ne nata. Na yi murmushi na bar maganar, don ni ma ina jin daɗin kallonsu in na dawo masallaci. Na san ba a gama koyarwa ba, aikina ne in sani, amma na yi shiru shekara da shekaru.

Da Allah ya karɓi Innarku kina nan, kin ga yadda gidan ya cika da masu gaisuwa, ba mai lura da wani. Bayan sadakar bakwai kowa ya watse, ke ma kika koma ɗakinki da Nuhu a baya. Washegari na dawo daga masallaci na ɗan zauna zaure, da rana ta fito na shiga ciki. Sai ga yayanki zaune gindin randa, ya ɗebo ruwansa a moda ya ajiye, ya miƙa hannun dama, tafin yana kallon sama, ya fuskanci ƙofar ɗakinta. Na tambayi gwaggonku da ta rage tana yi mana girki ko me yake yi. Ta ce, “Ai tun ran da anka yi rasuwa kullum haka yake zama har rana ta yi zahi. Mu mun zaci addu'a yake mata.”

Buroshin yana saman taga, taku biyu daga inda yake. Kwana takwas yana jira a sa masa a hannu, don ba wanda ya taɓa ce masa yana iya ɗauka.

Na ɗauko, har na kai rabin hanyar tafinsa, sai na tsaya. Na ajiye buroshin da makilin a kan dutse kusa da ƙafarsa, na zagaya na zauna bayansa a ƙasa, da babbar rigata. Ya waigo ya dube ni, ya dubi ƙofar, ya ce, “Inna?” Na ce Inna ta tafi, ga shi nan, ɗauka. Bai ɗauka ba. Na sa hannuna ƙarƙashin nasa na kai shi kan dutsen. Haka muka yi ta yi kowace safiya, ni da shi, tun ana shuka har aka fara yankan gero, kafin ranar da ya kai hannu da kansa ya matsa da kansa. Ranar na ce masa madalla da ƙarfi, har maƙwabta suka ji. Yanzu ba ya bukatar kowa. Sai dai har gobe, kafin ya ɗauka, sai ya ɗan miƙa tafinsa wajen ƙofar nan, ya jira kaɗan, sannan ya sunkuya. Kullum ina gani.

To Balaraba, ki fara gobe, kada ki ce sai kun gama shirya kaya. Ki koya masa har zuwa ɗaukowa da mayarwa, kada ki rage wa kanki ko ɗaya, komai daɗinsa. Ranar da ya daina neman ki gindin randa za ki ji ciwo, na sani. Ki jure, ki janye hannunki tun kina raye kina kallonsa.

Ki gaishe mini da maigidanki, Allah ya ba shi sa'ar sabon wurin aiki. Ki ce wa abokina Nuhu tsohon nan yana nan yana jiran ya zo ya nuna masa haƙora, a zaure, gaban kowa. Gwaggonku tana gaishe ku. Yayanki kullum sai ya leƙa hanya ya tambayi motar da ta tafi da ku. Allah ya jiƙan Iya da Innarku, ya tsare ku dare da rana, ya raya Nuhu ya sauƙaƙa masa abin da ya yi masa nauyi. Allah ya nuna miki safiyar da za ki tsaya bakin ƙofa hannu naɗe, ya gama komai bai waigo ki ba. Amin.

Wassalam.

Ni ne mahaifinki,
daga Faskari.